Wa Ya Ce Araha Ba Ta Ado?

Jawabin da jagorar sashen ɗinki ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya, a Ɗanzomo



Uwar ƙungiya, Allah ya ƙara girma. Hajiya Shugaba, Ma'aji, Sakatariya, malamanmu mata, iyayena da yayyena da ƙannena, sannunku da zama. Baƙinmu da suka taso daga Jeke da Ɗanladi da Sule Tankarkar, har da na Gumel da Maigatari da Gagarawa, sannunku da hanya, Allah ya mayar da kowa gida lafiya. Mazajenmu da za a karanta wa wannan takarda a gida, ku ma muna gaisuwa, kuma ku kasa kunne da kyau, don maganar ta shafi aljihunku.

Da Shugaba ta ce in yi magana a kan sana'a, wasu sun zaci zancen riɗi zan yi ko na zoɓorodo, tunda su ne ke kawo mana kuɗi da kaka. To, waɗannan akwai waɗanda suka fi ni saninsu a cikin rumfar nan. Ni abin da na sani almakashi ne da zare. Maganata yau a kan kayan gimbiya ce, irin waɗanda ake sa wa yarinya 'yar shekara biyu ko uku ranar Sallah, ko ranar biki, ko ranar al'adu da makarantun rainon yara suka ɗauko yanzu. Na ga wasu suna murmushi, wai wannan ai ƙaramar magana ce. Ku tambayi Ma'aji. Ita ta san watan da aka fi zuwa neman rance, ita kuma ta san inda rancen yake tafiya. Mace ta karɓi kuɗi da sunan za ta sari gyaɗa ta yi ƙuli, azumi ya kai ashirin, sai a ga kuɗin sun koma riga mai ƙyalli a jikin yarinyar da ko magana ba ta gama iyawa ba. Bayan Sallah ba jari, ba riba, ga zubin adashi yana jira. In damina ta kawo kai kuma a rasa na iri da taki.

Ba na ganin laifin uwar da ta yi haka. Duk wadda ta taɓa ganin 'yarta ta laɓe a bayan ƙyaure don 'ya'yan maƙwabta sun fito da sabbin kaya, ta san yadda abin yake sukar zuciya. A gidan da ake da abokiyar zama kuwa, ba sai na faɗa ba. Ga shi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi. Aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin wannan shekarar, aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai a Maris na 2024, mu da muke cin kasuwar Maigatari duk Alhamis mun ji a jikinmu. Masaƙun Kaduna da iyayenmu suka sha ɗaura atamfarsu sun daɗe da yin shiru. Yanzu yawancin abin da ke rataye a Kantin Kwari daga waje yake zuwa, farashinsa kuma yana bin dala. Saboda haka zancen a ce wa uwa ta haƙura kawai bai wadatar ba. A nuna mata yadda 'yarta za ta fito tsaf ba tare da an taɓa jari ba.

Bari mu fara da tambayar wace ce gimbiyar ma. Yaran yanzu a waya suke ganinta: doguwar riga shuɗiya mai kumbura, da kambi a ka, kamar Elsa ta fim ɗin kamfanin Disney da ya fito a 2013. Daga nan 'yan kasuwa suka samo samfurin rigunan da suke kawo mana. Ni ba na faɗa da su, amma ku dubi fadarmu. A Gumel ta Lautai, ranar hawan Sallah, wa kuka taɓa gani da kambin ƙarfe a ka? Alamar sarauta a wurinmu rawani ce da alkyabba. Amarya ma ranar da ake so ta fito a matsayin 'yar gata, alkyabba ake yafa mata. Muna da Daurama a Daura, muna da Amina a Zazzau. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, in za ta naɗa jaji ta tura ta ƙauyuka karantar da mata, malfa take ɗora mata da jan ƙyalle. Malfa fa, irin wadda ake saƙawa da kaba! Duk da haka matan gari suna ganin mai malfar nan sun san babbar baƙuwa ta iso. To, gimbiyar da za mu ɗinka yau tamu ce ta gida: zane, riga, ɗankwali, sai alkyabba a sama.

Kafin a je kasuwa, a fara buɗe adaka. Kowace mace a nan tana da gyale ko mayafin da ta daina yafawa, don ya tsufa a ido ko ya ɗan yage a gefe. Akwai zanen atamfa da rigarsa ta matse ki tun haihuwar fari. Akwai tsohon leshin biki wanda jikinsa ya mutu amma bakinsa yana nan da kyansa. Akwai shaddar maigida da wuyanta ya cinye, alhali bayanta lafiya lau, sai dai a nemi izini kafin a sa almakashi, kada a ce ni na haɗa faɗa. Wadda kakarta ta bar mata zanen saƙi, wannan kam kada ta yanka. A naɗe shi biyu a ɗaura wa yarinyar na ɗan lokacin hoto, a mayar da shi adaka, don masaƙan sun yi ƙaranci, ba lalle ki sake samun irinsa ba. Mu kuma a ɗakin ɗinki muna da buhun ƙyallaye. Turmin atamfa yadi 6 ne, babbar mace in ta yi riga da zane da ɗankwali, sau da yawa akan sami ragowa. Ragowar mutum biyu ta isa ta tufatar da 'yar shekara biyu.

Ga awo, masu biro su rubuta. Yarinya tsakanin shekara 2 da 3, tsayinta yakan kama inci 34 zuwa 37. Ƙirjinta wajen inci 21, ƙugunta 20 zuwa 21. Abin da sababbin ɗalibaina suke mantawa shi ne kai. Kan yaro a wannan shekarun yana kai inci 19, wato saura kaɗan ya kamo ƙirjinsa. Shi ya sa za ki ga riga ta yi daidai a jiki amma ta ƙi wucewa ta ka, yarinya tana ihu, uwa tana ja. Wannan awon na kusan kowa ne, amma ki auna taki. In ba ki da tef, ki auna da igiya ki ƙulla. In ta ƙi tsayawa, ki jira ta yi barci, ko ki ɗauki rigar da take sawa yanzu ki shimfiɗa a kan yadin ki zana da alli, ki ƙara faɗin yatsa biyu ko'ina.

Zane da farko. 'Yar shekara biyu ba ta riƙe ɗaurin zane, taku biyar ya kwance. Don haka siket za mu yi mai kamar zane. Ki yanki ƙyalle mai faɗin inci 44, kusan faɗin atamfa ke nan gaba ɗaya, tsawonsa kuma daga ƙugu zuwa idon sawu, ki ƙara inci 5. Ki haɗa gefe da gefe, amma ki bar kamar inci 6 ya hau kan ɗaya gefen daga gaba, yadda mai kallo zai ga kamar ɗauri ne. Sama ki kalmashe ki yi gidan zariya, ki zura roba wadda ta gaza ƙugunta da inci 1. Daga cikin inci 5 ɗin nan da kika ƙara, 3 na kalmasa ne sama da ƙasa, sauran 2 ki ninke su daga ciki kusa da ƙasa ki bi da ɗinki mai faɗin taku. Baɗi in ta ƙara tsawo, ki farke ninkin, siket ya sake shekara. Kuma a bar wuri saboda famfas ko ƙyallen da ake ɗaura mata, a kuma tabbata za ta iya tsugunawa. Gimbiyar da ba ta iya zuwa fo da sauri, kun san yadda ƙarshen kwalliyar yake.

Riga ba ta da wuya. Buba ce: a ninke ƙyalle biyu, a fitar da hannu da jiki a yanka ɗaya, a ƙara inci 6 a kan awon ƙirji don ta sake. A tsaga bayan wuya inci 4, a sa maɓalli ɗaya. Leshi da duk wani yadi mai kaushi sai an yi masa shafi da tsohuwar farar riga ta auduga, in ba haka ba yarinya za ta wuni tana susa, kafin la'asar wuya ya yi ja.

Yanzu ga uwar tafiyar, alkyabba. A nan nake so ku natsu, don ita ce ke mayar da 'yar talaka gimbiya, kuma ta fi sauran sauƙi in an gane ta. Ana bukatar ƙyalle mai tsawon inci 52 da faɗin 26, wato yadi ɗaya da rabi ya isa har da ragowa. Babban gyale ɗaya ya wadatar. Ki ninke shi biyu ta tsawonsa, zai zama murabba'i, 26 ta kowane gefe. Ki shimfiɗa a kan tabarma. Ki ɗauki igiya ki ɗaure alli a bakinta, ki auna inci 26 daga allin, ki sa wata ta danne igiyar da yatsa a kusurwar da ninkin yake. Ki ja igiyar ta miƙe, ki zagaya da allin daga wannan gefe zuwa wancan, kamar yadda magina ke zana da'irar ɗakin kago a ƙasa kafin su fara gini. Sai ki rage igiyar ta koma inci 3, ki sake zana ƙaramar da'ira a kusurwar nan, wuyan ke nan. Ki yanke duka biyun. In kin buɗe za ki ga rabin faifai. Miƙaƙƙen gefen shi ne gaban alkyabba, zagayayyen kuma shi ne ƙasa. Tsawonta zai tsaya inci 23, ya wuce gwiwa, bai taɓa ƙasa ba. Kada ki yarda ta ja ƙasa don a ce ta yi kama da ta manya. Babba yana da mai riƙe masa, yarinya kuwa takawa za ta yi ta kifa da baki.

Hular alkyabba, wadda ake kira ƙoƙuwa, daga wani ƙyalle za ki fitar, inci 22 da 9. Ninke shi biyu, ɗinke baya, ki tattara ƙasan har ya yi daidai da wuyan, ki haɗa. A tsinin ki sa tuntu na zare, ki ɗinke shi ɗinkin da ko akuya ta ja ba zai cire ba. Kalmasar ƙasan alkyabba takan ba sababbi wahala don a zagaye take. Dabarar ita ce a yi ta siririya, a fara kwantar da ita da dutsen guga kafin a hau keke. Wadda ba ta da keke, da hannu ma dare biyu ya isa bayan an kwantar da yara.

Ado kuma, nan bakin tsohon leshin nan zai yi aiki. Ki yanke shi siriri ki bi gaban alkyabbar da shi tun daga ƙasa, ya zagaya ƙoƙuwa ya sauka ɗaya gefen. In babu, 'yan koli suna da zare da kirtani mai ruwan zinariya, ana sayarwa yadi-yadi. Layi biyu a gaba, sai ɗan dagi a baya tsakanin kafaɗu in hannunki ya faɗa. Shawarata a nan, kada a cika. In gyalen mai launi ɗaya ne, ja ko kore ko ruwan ƙwai, layi biyun nan sun ishe shi. Na sha ganin alkyabbar da aka lafta wa duwatsu da madubai har ta fi yarinyar nauyi. Kuma a zaɓi launi da hankali: in zanen yana da hayaniya, alkyabba ta yi shiru.

Maɗaurin wuya, ina roƙonku da girman Allah, ban da igiya. Igiya a wuyan ƙaramin yaro in ta sarƙe a ƙusa ko ƙyaure ko wani yaro ya ja ta daga baya, kafin a ankara an shiga uku. A sa maɗaurin nan mai mannewa wanda in an ɓantare yake ƙara, irin na takalman yara, don in an ja shi da ƙarfi buɗewa yake yi. Wani abin dariya, Baturen ƙasar Suwizalan da ya ƙirƙiro shi, daga wata ƙaya mai maƙalewa ya samo dabarar a 1941, da ya ga yadda ta kama gashin karensa. Mu da muka shekara ɗaruruwa muna cire ƙarangiya daga zannuwanmu muna tsaki, ashe arziki muke zubarwa.

Ɗankwali ma kada a ɗaura, minti biyu ta fizge shi. Ki ɗaura shi a kan ƙaramar ƙwarya mai girman kanta, ki gyara ɗaurin yadda kike so, ki kama shi da allura da zare ta ciki, ki sa 'yar roba a ƙeya. Ya zama hula ke nan, a sa a cire. In makaranta ta nace sai da kambi, kwalin taliya ya isa: a yanka, a lulluɓe da ragowar gyalen, a ɗinka a jikin ɗankwalin. Ban da waya, ban da ƙarfe.

To, sai sarƙa da murjani, kuma a nan zan daɗe kaɗan, don abin da ya fi damuna ke nan a kayan kanti. Yaro ɗan ƙasa da shekara 3 komai baki yake kaiwa. A ƙasashen Turai da Amurka, ƙa'idar masu yin kayan wasa ita ce duk abin da zai shige cikin bututu mai faɗin inci ɗaya da kwata bai dace da yaron wannan shekarun ba, don zai iya shaƙe shi. Ku dubi duwatsun da ake liƙa wa rigunan kanti da gam, wanki ɗaya sun fara zuba. Ku dubi tsakiya da ƙananan duwatsun wuya in zarensu ya tsinke. Wani ya tafi ciki, wani hanci, wani kunne. Wanda ya fi duka sharri shi ne ɗan batirin nan mai kamar maɓalli da ke cikin kambi da takalma masu walƙiya. In yaro ya haɗiye shi ya tsaya a maƙoshi, cikin awa 2 yana iya ƙone hanyar abinci. In haka ta faru, Allah ya kiyaye, ba a jiran gobe, ba a sa shi amai, asibiti kai tsaye.

Murjanin gimbiyarmu na ƙyalle ne. Ki yanki jan ƙyalle siriri mai tsawo, ki ɗinke shi kamar hanji, ki juya. Ki cusa auduga kamar girman goro, ki ƙulla, ki sake cusawa, ki ƙulla, har ya kai. Daga nesa ba mai cewa ba murjani ba ne. Sai ki ɗinke shi a jikin wuyan rigar, kada ya zagaya wuyanta. In ta tauna, ƙyalle ta tauna. Awarwaro ma haka.

Kwalli. Na san zan taɓa zuciyar iyayena a nan, ku gafarce ni. Kwallin dutse mai ƙyalli da muka gada, akwai dalma a cikinsa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri a birnin Boston, iyayensa 'yan Najeriya, da aka sami dalma ta yi yawa a jininsa. Da aka auna kwallin da ake sa masa, sai aka ga fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Mu kuma ba baƙin wannan guba ba ne, mun ji abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake haƙar zinariya. Dalma ba ta nuna kanta nan take, ƙwaƙwalwar yaro take ci a hankali. Yarinya tana murza ido ta kai hannu baki. Idon 'yar shekara biyu ba ya bukatar taimakon kowa, a bar shi yadda Allah ya yi shi. Lalle kuwa, a yi mata namu na ganye, ja, a tafin hannu da ƙafa. Baƙin nan da ake haɗawa da maganin rina gashi yana tayar wa wasu ƙuraje har da ƙuna, fatar yaro kuma ba ta kai ta babba ƙwari ba.

Saura wuta. Rigunan nan masu kumbura yawancinsu zaren roba ne, dangin leda. Ga gwajin da kowa za ta iya: ki zare ɗan zare daga gefen yadi, ki riƙe da almakashi, ki kusantar da ashana, nesa da yara. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Zaren roba narkewa yake yi, ya dunƙule ya yi baƙi, yana warin leda, in a jiki ne kuma manne wa fata yake yi. Kada wata ta ce na ce auduga ba ta cin wuta, tana ci sosai. Duk tufa mai faɗi haɗari ce a gefen murhu, har alkyabbar tamu. Don haka alkyabba ta fita ce da hoto da gaishe-gaishe. An dawo gida ana suyar Sallah, ko da hunturu ana jin ɗumi, a cire ta a rataye. In ƙuna ta faru, ruwa mai sanyi mai tsabta za a yi ta zubawa kamar minti 20, ban da ƙwai, ban da man goge baki, ban da manja, sannan a nufi asibiti. Wani abu kuma da na fara gani, wai a yanka gidan sauro a yi wa riga kumburi. Haba! Gidan sauron da ake rabawa akwai maganin ƙwari a jikinsa, ba a yi shi don ya kwana a fatar yaro ba, kuma kin raba yaran da abin da ke kare su daga zazzaɓi. In kumburi kike so, sitaci da guga sun isa.

Nawa aka kashe ke nan? In yadin daga adaka ya fito, abin saye roba ce, da zare, da maɗauri, da kirtanin ado. Na ƙarshe da muka ɗinka a ɗakinmu, abin da muka saya bai kai kuɗin kwano biyu na gero ba. Wadda adakarta ba ta da komai, ta leƙa wajen 'yan gwanjo ranar Alhamis a Maigatari ko ranar Lahadi a Gujungu, ta nemi babban mayafi ko labule mara nauyi. A wanke da ruwan zafi, a shanya a rana, a goge. Wadda za ta aika Kano, Ƙofar Wambai ta fi Kwari sauƙi a irin wannan. Kuma a saya tun watan Rajab ko Sha'aban. Wadda ta bari sai goman ƙarshe, ita da tela da ɗan koli duk a tsaye za su yi ciniki.

Sannan akwai kuɗi a cikin abin nan, shi ya sa na kawo shi gaban ƙungiya. Makarantun Gumel da sauran garuruwanmu suna yin ranar al'adu, iyaye suna ta neman kayan da za a sa sau ɗaya. Masu ɗaukar hoto suna bukata. Masu biki suna so a yi wa 'yan yaran amarya iri ɗaya. Ina ba da shawara mu ɗinka alkyabba 10, girma uku, mu ajiye a ɗakin ƙungiya muna ba da haya. An ce zanen aro ba ya rufe katara, gaskiya ne, amma alkyabbar yini ɗaya ba katara aka ce ta rufe ba. A rubuta sunan mai ɗauka a littafi, ta ajiye ɗan abin jingina, ta dawo da ita washegari, a wanke a goge kafin wata ta ɗauka, saboda ƙazuwa da makero ba su san gimbiya ba.

Masu ɗinkawa su sayar, ku ji wannan. Ciwonmu shi ne ba ma sa wa wahalarmu kuɗi. A ce kin kashe naira 2,000 a kayan haɗi, sai ki sayar 2,500 ki ce kin ci ribar 500. Ina kuɗin yinin da kika yi a kan keke? Ina gawayin guga, da man keke, da allurar da ta karye? Ina kason ƙungiya? Ko ƙyallen da aka ba ki kyauta, ki yi masa kuɗi a lissafi, don gobe saye za ki yi. Ki rubuta duka, sannan ki faɗi farashi, kuma ki karɓi rabi kafin ki sa almakashi. 'Yar uwa in ta ce a yi mata don zumunci, ki rage mata da saninki, kada kunya ta rage miki.

Akwai kuma marayun da ke unguwanninmu, da 'ya'yan 'yan uwanmu da mazajensu suka tafi ci-rani shiru. Na roƙi Shugaba, ta kuma amince, cewa a cikin kowace biyar da muka ɗinka, ɗaya tasu ce, a kai musu gida da dare ba tare da shela ba. Wadda ta san irin wannan gida ta raɗa wa Sakatariya bayan an tashi, da shekarun yarinyar.

Ranar taronmu mai zuwa, bayan azahar, kowa ta zo da ƙyallayenta a wanke, a ware masu kauri daban, marasa nauyi daban. A zo da almakashi da igiya da alli. Masu dutsen guga mutum uku su taimaka mana da shi, gawayi na wajena. Wadda take da 'yar shekara biyu ko uku ta zo da ita, amma a ba ta abinci tukuna, don ba a auna gimbiya da yunwa.